Yessa Ta Biyu

A Mubi Buba Silima ake kirana. Baƙo yakan ɗauka na taɓa yanka tikiti ne a ƙofar gidan kallo. Ba haka ba ne. Fuskata ce ta taɓa fitowa a wani fim na Turawa, ni kuma da bakina na yi ta yayata zancen a teburin mai shayi har sunan ya manne mini. Abin da ban yayata ba shi zan rubuta yau. Karatuna a aji huɗu na elemantare ya tsaya, don haka mai neman Hausa mai daɗi ya je Kano ya saya.

Yadda na bar gida ba labari ba ne. A shekarar ƙuri'a ta biyu, wadda aka tambaye mu ko Nijeriya muke so ko Kamaru, ina aikin boyi a gidan wani Baturen ƙuri'a da mutanen gari suke ce wa Mai Lofe. Da aikinsu ya ƙare ya ce zai tafi da ni ƙasarsu in koyi gyaran injin. Na ce yessa.

Bari in tsaya a kan wannan kalma kafin in wuce. A elemantare malaminmu da tsumagiya ya koya mana ita. In Bature ya yi maka magana, kada ka bari ya rufe baki ba ka ce yessa ba. Ba wai ka yarda ba ne, ba ma wai ka gane ba. Kamar dai babanka ya kira ka ka ce na'am, wato kunnena yana wurinka. Duk Baturen da ya sha ruwan mayo, wato koginmu, na wata shida ya san haka. Shi kansa Mai Lofe in ya aike ni yakan tsaya ya ce, "Buba, wannan yessa ta ji ce ko ta ganewa?"

Jirgin ruwa daga Ikko mako biyu ya yi da mu. Shi yana sama, ni ina can ƙasa kusa da injin, rungume da bokiti ina amai. Iyakar abin da na sani na teku ke nan.

Zangon farko ƙauyensu ne, gidan uwarsa, wata tsohuwa mai karnuka biyu. Makarantar injin ba a sake ambatarta ba. Aikina kwashe toka daga murhu, wanke kwanoni, da fita da karnuka su yi kashi, ni da a gida ko kusa da kare ba na zama. An ware mini kofi da cokali, aka ɗaura wa cokalin jan zare don kada ya ɓace cikin nasu. In na taɓa mariƙin ƙofa tsohuwar takan biyo bayana da tsumma ta goge, a gabana, tana murmushi. A wata na takwas Mai Lofe ya sami aiki a wata ƙasa. Ya kira ni ya yi doguwar magana, ina ta yessa, sai da na ga akwatina a bakin ƙofa na gane abin da na amsa. Mai kawo musu madara, wani jajir mai ƙaton hanci, shi ya ɗauke ni a motarsa zuwa tashar jirgin ƙasa. Da zan sauka ya tuɓe kwat ɗinsa ya miƙo mini, ya nuna sama da yatsa, wato sanyi yana tafe. Ban san sunansa ba. Shekara da shekaru na sa kwat ɗin nan.

Daga nan na koma garin bakin teku inda jirginmu ya sauke mu. Ba zan faɗi sunansa ba. Nufina in nemi jirgi in dawo gida, amma da na tuna yadda aka raka ni tashar mota a Mubi ana cewa injiniya zai dawo, sai ƙafata ta ƙi. Kwana uku ina yawon neman ɗaki. Ɗan karatun nawa ya ishe ni karanta takardun da suke liƙawa a taga: akwai ɗaki, ban da baƙar fata. Wata ma ba ta liƙa komai ba, ta buɗe ƙofa, ta gan ni, ta rufe, ina jin ta tana zura sakata.

Rana ta huɗu ina zaune kan akwatina kusa da tashar jiragen ruwa, yatsuna sun sandare, sai buhu ya suɓuce wa wani ɗan dako ya faɗa masa a ƙafa. Ya yi ashar da Fillanci. Irin ashar ɗin kasuwar Mubi, wadda ba zan rubuta ba. Na miƙe na gaishe shi da Fillanci, na ce, "Jam na?"

Ya juyo ya dube ni sama da ƙasa. Gajere ne, baƙi ƙirin, furfura ta fara masa.

"Ɗan ina?"

"Mubi. Kolere."

"To fa. Na gudo har ƙarshen duniya, ga Bafillace ya biyo ni karɓar haraji."

Shi ne Tumba, mutumin Betso, wani ƙauyen dutse a ƙasarmu, Kirista, tsohon soja. Yaƙin Bama, lokacin yaƙin duniya na biyu, ya fara fitar da shi daga gida. Bayan yaƙi ya koma ya yi aure, gona ba ta riƙe shi ba, ya shiga aikin zuba kwal a jirgin ruwa, da ƙirjinsa ya gaza ya sauka ya kama dako. Ya girme ni da kusan shekara ashirin, don haka Kawu nake ce masa. Ranar da ya ga na iya sa hannu da biro, har da wata lanƙwasa a ƙarshe, ya ce, "To, ni Kawu, kai Akawu." Tun daga ranar bai ƙara kirana Buba ba.

Ɗakinsa ɗaya ne a saman shagon wani mai gyaran takalmi. Ya ba ni bargon soja da rabin ƙasa. A ranar da na shiga ya ɗauki kaskon da yake soya naman alade ya kai wa maƙwabci, ya sayo sabo. Ya ce, "Kada ka koma Mubi ka ce mutumin dutse ya ɓata maka salla." Yakan tuƙa mana tuwon garin shinkafa, mu ci da busasshiyar kuɓewa da matarsa Kuve take aiko masa ta hannun ma'aikatan jirgi. Hausarsa irin ta mutanen dutse ce, babu mace babu namiji.

"Matana ya aiko, ya ce in ci in tuna da shi."

"Ta aiko, Kawu. Ta ce."

"Akawu, matanka ne ko nawa?"

Ni nake rubuta masa wasiƙa zuwa Betso, malamin makarantarsu ya karanta wa Kuve. Shi ya samo mini aikin wanke tukwane a ɗakin cin abincin 'yan dako. Shekara biyu muka yi haka. Ran Lahadi in ya dawo daga sujada sai mu zauna mu yi ta lissafa kasuwar Mubi rumfa rumfa, wa ke sayar da ƙosai a gindin wace bishiya, mu yi gardama har tuwo ya huce. Yakan ce da yana gida lokacin ƙuri'a Kamaru zai jefa wa, don dai ya huta da mu Filani. In ce masa can ma mu zai tarar.

Abu ɗaya ya bambanta mu. Tumba ba ya cewa yessa, kuma cikin ido yake kallon Bature. Ya sha ce mini, "Na gama nawa yessa a soja. Kai ma in ba ka gane ba, ka ce ba ka gane ba. Ba a harbe kowa don wannan."

Wata Asabar da azahar muka je ya sayi abin da ya daɗe yana buri, keken ɗinki na hannu, kwance, don ya aika wa Kuve. Ya sa kan keken a buhu ya saɓa a kafaɗa, ni na riƙe murfin katakon. Ƙugiyarsa ta dako tana soke a ɗamara, kamar kowane ɗan dako na garin. Mun kusa kasuwar kifi 'yan sanda biyu suka tare mu, wani dogo da wani mai ƙuraje a fuska. Dogon ya taɓa buhun da kulki ya ce ina muka sato wannan.

Tumba ya sauke buhun a hankali. Ya ce saya ya yi, rasit yana aljihu. Da ya tsaya nan, wataƙila da mun wuce. Sai ya ƙara da cewa tun ɗazu Turawa suke wucewa da buhuna bai ga an tsayar da kowa ba. Ya sa hannu cikin kwat ya zaro takardar.

Kulkin farko a kunnen hagu ya same shi. Na ji ƙarar, kamar an fasa ƙwarya. Ya durƙusa, suka rufe shi su biyu, da kulki da takalmi. Mata da kwandunan cefane sun tsaya suna kallo, mahauci ya fito ƙofar shagonsa yana goge hannu. Ni kuwa da na ankara sai na ga na ajiye murfin, na cire hulata na riƙe da hannu biyu, gwiwoyina sun ɗan lanƙwashe, kamar yadda muke yi in Di'o zai wuce. Tumba yana ƙasa, jini yana bin wuyansa, ya ce mini da Hausa, "Akawu, ɗauki rasit." Takardar tana kan jiƙaƙƙen dutse, dab da takalmina. Ga ni a sunkuye, hannu kawai zan miƙa. Ban miƙa ba. Mai ƙurajen ya taka ta, ya ɗauka, ya sa a aljihu.

A ofishinsu aka raba mu. Ni aka sa ni a wani ɗaki mai ɗumi, sajan da kansa ya kawo mini shayi. Bature bai taɓa haɗa mini shayi ba sai ranar. Ya zauna da takarda yana magana yana rubutu. Turancin garin nan ba irin na makaranta ba ne, rabin kalma suke haɗiyewa, shi kuma da gudu yake yi. Na tsinci aboki, na tsinci ƙugiya, sauran duk ruwa. Duk sanda ya ɗaga kai ya dube ni, in ce yessa. Ya ce in kawo takardata ta shiga ƙasa. A jikinta an rubuta ni mutumin Kamaru ta Ingila ne, don kafin a haɗe mu da Nijeriya aka yi ta. Ya juya ta, ya sake juyawa, sai ya rage gudu. Wannan kam a hankali ya faɗa, don in ji da kyau. Ya ce wannan ƙasar babu ita yanzu, mutumin da ƙasarsa babu kuwa ko gobe ana iya sa shi a jirgi. Ya jefa ta a aljihun tebur. Ya turo mini abin da ya rubuta da biro. Na sa hannu, har da lanƙwasar. Sannan ya buɗe aljihun tebur ya mayar mini da takardata.

Wannan ita ce yessa ta farko. In na matsu na ba wani labarin Tumba, a nan nake tsayawa. In ce rashin Turanci ne, in zagi malaminmu na elemantare, a taya ni zagi. Kuma ba ƙarya ba ne, a ɗakin nan ban san abin da na amsa ba.

Bayan mako uku aka shiga kotu. An kawo Tumba kansa naɗe da bandeji. Akawun kotu ya miƙe ya karanta takardar da na sa wa hannu. Shi Turancinsa irin na littafi ne, kalma bayan kalma, babu wadda ta wuce ni. Wai ni da idona na ga Tumba ya zaro ƙugiya ya kai wa ɗan sanda sara a wuya. Wai ban ga wani rasit ba. Wai ban san inda keken ya fito ba.

Lauyan da aka ba Tumba, wani siriri mai tabarau, ya matso kusa da ni. Ya yi magana kamar yana yi da mai ciwo. Ya ce na gane abin da aka karanta? In ban gane ba in faɗa, za a nemo tafinta, babu laifi. Ya ce ya san mutanen ƙasarmu sukan amsa don ladabi kawai. Sannan ya ce, abin da aka karanta, haka na gani?

Ka ji, an buɗe mini ƙofa har bango. Na dubi gefe, ga sajan zaune da hularsa a gwiwa, ba ya ko kallona. Abin da ya zo mini ba Tumba ba ne. Tashar motar Mubi na gani, ina saukowa da kwat ɗin mai madara da akwatin da na tafi da shi, ana cewa ga injiniya an koro.

Na ce yessa.

Tumba bai ji ba, saboda kunnen. Ya karkata yana tambayar lauya me na ce. Lauyan ya rubuta masa a takarda, ya manta mutumin ba ya karatu. Sai Tumba ya bar takardar ya dube ni. Shekara uku aka ba shi. Keken ɗinkin ba a sake ganinsa ba.

Na koma ɗakinsa na hau gadonsa, tun da babu kowa a kai. Bayan wata biyu ƙunshin kuɓewa ya iso daga Betso. Na karɓa, na kaɗa miya a tukunyarsa, na cinye. Na zauna na rubuta wa Kuve wasiƙa da sunansa, wai ya koma aikin jirgi, tafiya mai nisa, kada ta damu in ta ji shiru.

Da zafi ya dawo wasu mutane suka shigo unguwarmu da manyan motoci da fitilu. Aka ce fim za su yi a kan yadda 'yan sanda suke dukan baƙar fata, suna neman baƙaƙe su cika titi, ana biya kuma ana ba da abinci. Na je. Mai shirya fim ɗin saurayi ne mai gemu, ya bi mu ɗaya ɗaya yana ba mu hannu yana ce mana 'yan'uwa. Mutumin kirki ne, ban ga laifinsa ba. Labarin wani baƙin saurayi ne da 'yan sanda suka tare a hanya suka yi masa duka, ya mutu a hannunsu, ƙanwarsa ta yi ta yawo gida gida tana neman wanda zai tsaya shaida.

Kulkinsu na roba ne. Jinin kuwa wani jan ruwan sukari ne, wanda ake dukan har lasa yake yi in an tsaya. Ana gamawa shi da mai dukan nasa su zauna kan akwati ɗaya su raba taba. Mu aka jera mu bakin titi aka ce mu nuna fushi. Aka fara. Wasu suna ihu, wasu suna ɗaga hannu. Ni da na ga kulki ya tashi sama ban san lokacin da hulata ta koma hannuna ba.

Mai gemu ya ce a tsaya. Ya nufo ni, na ce shi ke nan an kore ni. Sai ya dafa kafaɗuna da hannu biyu, idonsa yana ƙyalli. Ya ce abin da yake nema ke nan bai san yadda zai faɗa ba. Ya sa aka janye masu ihun, aka turo kyamara har gaban hancina. Ya ce in sake, hular, gwiwar, da yadda nake kallon ƙasa kusa da takalmina kamar wani abu ya faɗi. Sau tara na yi musu. Wata mai riƙe da allo ta ce ba ta taɓa ganin wanda bai koyi wasa ba ya yi haka. Kusa da ni akwai wani ɗan dako mutumin Jamaika, wanda suka yi aiki da Tumba. Bai dube ni ba, ya ce a hankali, "Ai ya yi gwaji tun bara."

Da aka zauna cin abinci mai gemu ya zo da ɗan littafinsa ya tsuguna a tsakiyarmu. Ya ce a cikinmu akwai wanda ya taɓa ganin irin wannan da idonsa? Ya ce gaskiya yake so, yana da abokai lauyoyi da 'yan jarida. Mutumin Jamaika ya ajiye cokali yana jira. Ni na ci gaba da cin burodina da kifi har mai gemu ya gaji ya tashi.

Da fim ɗin ya fito na je na kalla. Fuskata ta fi ƙofar zaure girma. Turawa suna ta share hawaye. A bakin fita wata dattijuwa ta gane ni, ta kama hannuna ta matse, ta ce in yi haƙuri da abin da ake mana. Na karɓi haƙurin. Masu fim sun aiko mini da hoton wurin, na sa shi a gilashi.

Gidan yari sau ɗaya na je. Tumba ya rame, kunnen hagu ya mutu, na dama ma sai an ɗaga murya. Na ce, "Kawu, ban gane Turancinsu ba ne."

"Me?"

Na maimaita da ƙarfi, har gandiroba ya juyo. Can Tumba ya ce, "Keken fa?"

Na ce ban sani ba.

"Ka rubuta wa Kuve?"

Na ce na rubuta. Bai tambaye ni me na rubuta ba. Ya ce, "To." Ban sake komawa ba. Da ya gama wa'adinsa aka sa shi a jirgi zuwa gida, a bakin mutumin Jamaika na ji.

Ni sai bayan yaƙin basasa na dawo. Ban zama injiniya ba, ba a kuma kore ni ba, da ƙafata na dawo, kuma babu wanda ya zo tasha ya ga da me na sauka. Na kafa rumfar gyaran keke kusa da kasuwa, na rataye hoton. Shekara huɗu ban bi hanyar Betso ba. Amma labari yana zuwa rumfar mai faci ko bai nema ba. A Betso Tumba Fursuna suke ce masa. Wani ma'aikacin jirgi ya riga shi isowa da zancen, wai ya saci keke ya kuma nemi kashe ɗan sanda, har ɗan ƙasarsu ya ba da shaida. Kuve ta gane wasiƙar ƙarya ce, ta ɗauka shi ya sa a rubuta. A majami'a ba a ba shi wurin zaman dattawa. Masu neman 'yarsa sun zo sau ɗaya ba su dawo ba. Duk ina ji, ina shafa gam a tayar mutane.

Wata ranar kasuwa ina sunkuye kan taya na ga ƙafafu sun tsaya a gabana. Na ɗaga kai. Ya tsufa ƙwarai, yana riƙe da sanda. Ba ni yake kallo ba, hoton yake kallo. Ya daɗe.

"Akawu, kai ne wannan?"

Na gyaɗa kai.

"Haka ka tsaya. Wanda ya ɗauka ya iya aiki."

Akwai mutum biyar ko shida a rumfar suna jiran kekunansu. Na so in ja shi gefe, amma kunnensa ba ya jin raɗa. Dole na kafa baki a kunnen dama na ɗaga murya kamar mai shela. Na ce, "Kawu, a kotu na gane. Duk abin da aka karanta na gane. Tsoro na ji."

Ya ja da baya ya goge kunnen da tafin hannu. "Ni kake gaya wa? Ai ina wurin. Betso ne ba ya wurin." Ya buga sandarsa a ƙasa. "Ka zo Lahadi, in an tashi daga sujada."

Lahadin farko na ce ciwon baya. Ta biyu aka yi ruwa, na ji daɗi. Ta uku na hau keke, inda hanya ta ƙare na tura shi a turba tsakanin gonakin dawa.

A gindin wata ɗorawa gaban majami'a na tsaya. Mutane sun fito da kayan Lahadi, sun ga Bafillace da hula, suka yi cirko-cirko. Tumba ya zauna kan dutse, Kuve tana tsaye bayansa, doguwa, ta fi shi tsawo. Ranar na fara ganinta. Malamin makaranta ya tsaya kusa da ni yana juya maganata zuwa harshensu. Na ce keken sayensa ya yi, a gabana. Na ce rasit a ƙafata ya faɗi ban ɗauka ba. Na ce bai taɓa ƙugiya ba. Na ce a kotu an tambaye ni a hankali, na gane, na yi ƙarya don kada a koro ni. Na ce wasiƙar ni na ƙaga, bai san da ita ba.

Wani dattijo mai farin gemu ya yi magana, malam ya juya mini. Wai mutumin da ya yi ƙarya a gaban alƙali, yaya za a yi su san yau ba ƙaryar yake yi ba?

Na ce ban san yadda za su sani ba.

Sai Kuve ta yi tambaya da Hausa, ba ta bi ta kan malam ba. "Keken, wane iri ne?"

Na ce baƙi ne, da zanen fure ruwan zinariya a wuyansa, mariƙinsa fari. Na ce sai da ya sa mai shagon ya ɗinka tsumma a gabansa sau biyu kafin ya yarda. Ta dubi ƙeyar mijinta.

Shi duk wannan bai ji ko ɗaya ba. Ya ɗaga kai ya tambaye ta, "Ya faɗa?"

Ta sunkuya a kunnensa. "Ya faɗa."

"Duka?"

"Duka."

Ya gyaɗa kai. Ya ce, "A ba shi ruwa, hanya da nisa."

Wata mata ta kawo a ƙwarya, na sha a tsaye. Bai ce ya yafe ba, ni ma ban roƙa ba. Mutane suka fara watsewa biyu biyu suna magana ƙasa ƙasa, dattijon nan mai farin gemu ya je ya zauna kan dutsen kusa da Tumba. A ƙasarmu ko wanda ya zo karɓar haraji akan taka masa zuwa bakin gari. Na ɗan jinkirta ina gyara sarƙar keke, ko wani zai taso. Babu wanda ya taso. Na tura kekena na shiga cikin dawa.